Na'urorin Ɗaukar Hoton Cikin Idon Jarirai da Matsayinsu ga Hausawa Mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda aka ƙera na'urorin ɗaukar hoton cikin idon jarirai da ƙananan yara, da dalilin da ya sa aikin ya yi wuya, sa'annan ta duba abin da hakan ke nufi ga iyalan Hausawa da neman abinci ya zaunar da su a Fatakwal da Anacha da Inugu. Abin da ya sa batun ya taso shi ne yawan bakwainin da ake haifa a ƙasar nan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2012 ya ƙiyasta cewa a 2010 an haifi bakwaini kimanin 773,600 a Nijeriya, wato ita ce ta uku a duniya bayan Indiya da Sin. A da, mafi yawan ƙananan cikinsu ba sa kai ranar suna. Yanzu kuwa asibitocin koyarwa suna ceton da yawa, sai dai wasu daga cikin waɗanda aka ceta suna makancewa cikin watanni uku ko huɗu na farko, alhali idonsu daga waje garau yake.

2.0 Tantanin Gani da Ciwon Bakwaini

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kan kalmomi. Bahaushe yana da farin ido da baƙin ido da ƙwayar ido, yana kuma da sunayen cututtukan da ake gani daga waje, irin su hakiya da yana da amosani. Abin da ke can ƙuryar ido ne ba shi da tsayayyen suna, domin ido bai taɓa ganin sa ba sai da na'ura. A nan za a kira shimfiɗar da ke lulluɓe da bangon ido ta ciki, wadda likitoci ke ce wa ratina, da sunan tantanin gani. Ita ce ke karɓar haske ta mai da shi saƙo, jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. Abin nan mai yauƙi da ya cika cikin ido kuwa za a ce da shi yauƙin ido. Da an so a ce masa ruwan ido, amma duk Bahaushe ya san wannan suna yana da mai shi tuni, kuma wanda ke fama da shi kasuwa ce ke wahalar da shi, likita ba shi da maganinsa.

Jijiyoyin jinin tantanin gani suna fara tsirowa ne daga tsakiya, wajen kan jijiyar gani, a mako na 16 na ciki. Suna bazuwa a hankali zuwa gefe, ba sa kai iyakar ɓangaren da ke wajen kunne sai kusan mako na 40. Jaririn da aka haifa a mako na 28 ya fito ke nan da tantanin da gefensa bai sami jijiya ba. Idan aka sa shi a kwalba aka ba shi iskar oksijin fiye da kima, jijiyoyin sai su tsaya da girma, kamar sun ɗauka aiki ya ƙare. Bayan 'yan makonni, sashen da ba shi da jijiya yakan shiga yunwar iska, ya fitar da wani sinadari da ake kira VEGF mai kiran sababbin jijiyoyi. Waɗannan sababbi ba su da tsari ba su da ƙwari. Sukan kutsa cikin yauƙin ido, su zub da jini, su zama tabo, tabon ya janye tantanin ya ɓamɓare shi daga bango. Da zarar ya ɓamɓare gaba ɗaya, da wuya tiyata ta dawo da gani mai amfani.

Likitan ido Theodore Terry na birnin Boston ne ya fara bayyana ciwon a 1942. A 1951 Kate Campbell ta Melbourne a Ostareliya ta danganta shi da yawan oksijin, gwajin Arnall Patz a Amurka kuma ya ƙarfafa wannan zato a 1952. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikin dubban yaran da ciwon ya makantar a wancan zamani. Likitoci suna taƙaita sunansa da ROP. Tsarin da aka amince da shi a 1984, aka sabunta a 2005 da 2021, ya kasa tantanin gida uku daga tsakiya zuwa gefe, ya kasa ciwon mataki biyar, ya kuma ware wata alama ta haɗari, wato kumbura da murɗewar jijiyoyin tsakiya. Yawancin jarirai ciwon yakan warke musu da kansa. Wanda ya kai haddin magani kuwa ana so a yi masa aiki da hasken leza, ko a yi masa allurar da ke kashe kaifin VEGF, cikin sa'o'i 48 zuwa 72. Wani ƙiyasi da Hannah Blencowe da abokan aikinta suka buga a 2013 ya nuna cewa a 2010 jarirai kimanin 184,700 sun kamu a duniya, 20,000 daga cikinsu sun makance ko ganinsu ya yi mummunan rauni.

An daɗe ana ɗauka cewa wannan ciwo na Turawa ne, ba ya kama baƙar fata. Gaskiyar maganar ita ce, jariran ba sa rayuwa har ciwon ya bayyana, waɗanda suka rayu kuma ba mai leƙa idonsu. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal, Adedayo Adio da abokan aikinta sun duba bakwaini 53, suka buga sakamakon a 2014: jarirai 25 suna da ciwon, ko da yake mafi yawansu a matakin farko ne. Wannan adadi, kusan rabi, ya isa ya rushe tsohon zato.

3.0 Abin da Ya Sa Idon Jariri ke da Wuyar Ɗauka

Leƙa cikin ido tamkar leƙa ɗaki ne mai duhu ta kafar makulli. Dole haske ya shiga ta wannan kafa, hoton kuma ya fito ta cikinta, ba tare da hasken da ke shiga ya dallare wanda ke fitowa ba. Hermann von Helmholtz na Jamus ne ya warware wannan a 1851 da madubin duba ido. A 1886 Jackman da Webster suka ɗauki hoton farko na tantanin ɗan Adam mai rai, amma sai da mutumin ya tsai da ido na minti biyu da rabi. Kamfanin Zeiss ya fitar da kyamarar da aka fara sayarwa a 1926. Duk kyamarorin da suka biyo baya an gina su ne bisa sharaɗi guda: majiyyaci zai zauna, ya ɗora haɓa a kan maɗori, ya kalli inda aka ce ya kalla. Faɗin abin da suke ɗauka kuma bai wuce digiri 30 zuwa 50 ba, wato tsakiyar tantani kawai.

Bakwaini bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba. Yana kwance cikin kwalba da robar iska a hanci, ba ya zama, ba ya bin umurni. Tsawon idon jaririn da ya cika wata tara milimita 16 zuwa 17 ne, na babba kuwa 23 zuwa 24, na bakwaini bai ma kai na farkon ba. Ƙwayar idonsa ƙarama ce, ba ta buɗewa sosai ko an ɗiga magani, maganin kansa kuma sai an rage masa ƙarfi domin yana iya taɓa bugun zuciya da numfashi. Gilashin gaban idonsa ya fi na babba lanƙwasa, yauƙin idonsa yana da hazo-hazo. Daɗin daɗawa, ciwon a gefe yake farawa, daidai inda tsofaffin kyamarori ba sa kaiwa.

Akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Bangon idon baƙar fata yana da duhu saboda yawan sinadarin launi, yana shanye haske. Hoton da zai fito tas a idon jaririn Bature yakan fito dishi-dishi a idon jaririn Bahaushe ko Ibo, musamman ta gefe. Ƙara ƙarfin fitila ba mafita ba ce kai tsaye, domin akwai iyakar hasken da ido zai ɗauka ba tare da illa ba. Na'urar da aka gwada a kan jariran Turai kaɗai ba za a ce an gama gwada ta ba.

Shekara da shekaru abin da ake dogaro da shi shi ne fitilar goshi da Charles Schepens ya ƙera a tsakiyar shekarun 1940. Likita yakan ɗaura ta a ka, ya riƙe gilashi a hannu, ya buɗe fatar ido da ɗan ƙarfe, ya danna gefen ido don ya ga iyaka. Har yau ita ce ma'aunin da ake gwada sauran na'urori da shi. Aibinta shi ne abin da likita ya gani a kansa yake tsayawa, sai ɗan zanen da ya yi a takarda. Ba mai iya duba aikinsa, ba a iya gwada na wannan mako da na makon jiya ƙeƙe-da-ƙeƙe, kuma dole shi da kansa ya je gaban kowace kwalba.

4.0 Na'urorin

A 1997 injiniya Bert Massie na Kalifoniya ya fitar da RetCam. Dabararsa ita ce ya ɗauke kyamara daga kan tebur ya sa ta a hannu. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a shafa wani man ido mai yauƙi, sa'annan a ɗora bakin kyamarar a kan gilashin gaban ido a hankali. Haske yana zuwa ta zaren gilashi da ya kewaye bakin kamar zobe, hoton ya bi ta tsakiya. Faɗinsa ya kai digiri 130, kuma da hotuna biyar ko shida ana iya tattara mafi yawan tantanin. Babban abin da na'urar ta kawo shi ne raba mai ɗauka da mai karantawa. Ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya ɗaukar hoto a wannan gari, ƙwararre ya karanta a wani. Jami'ar Stanford ta fara irin wannan tsari a 2005, wani babban bincike a Amurka da Kanada da aka buga a 2014 kuma ya nuna cewa waɗanda ba likitoci ba, in an horar da su, suna iya gano jariran da ke buƙatar ganin likita.

Sai dai kuɗinta ya kai wajen dala 100,000, kuma tana kan amalanke mai nauyi. Indiya ce ta nuna yadda ƙasa mai ƙaramin ƙarfi za ta yi. A 2008 Anand Vinekar na asibitin Narayana Nethralaya da ke Bangalore ya kafa shirin KIDROP, inda ma'aikata ke sa kyamara a mota suna zagaya ɗakunan jarirai na ƙauyukan jihar Karnataka bisa ranaku tsayayyu, suna tura hotuna ta wayar hannu. Daga wannan aiki ne kamfanin Forus Health ya ƙera 3nethra neo, mai faɗin digiri 120, wadda ke shiga akwati, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na RetCam ba. A ganina darasin Karnataka ya fi na'urar kanta muhimmanci, domin abin da ya ceci idanun yaran shi ne motar da ke zuwa ranar da aka ce za ta zo.

Akwai kuma masu neman kauce wa taɓa ido. Douglas Anderson ya kafa kamfanin Optos a Sikotilan a 1992 bayan ɗansa mai shekara biyar ya rasa ganin ido ɗaya saboda ɓamɓarewar tantani da ba a gano da wuri ba. Na'urarsa tana share tantani da hasken leza ta madubi mai siffar ƙwai, ta ɗauki digiri 200 cikin ƙiftawar ido. Ta dace da yaron da ya iya zama, jariri kuwa sai an tallabe shi an kai fuskarsa gabanta. Ƙungiyar Xincheng Yao a Jami'ar Illinois da ke Chicago ta bi wata hanya, ta shigar da haske ta farin ido, ta bar ƙwayar ido ga hoto kaɗai, abin da ke rage matsalar ƙanƙantar kafa.

Hoto na launi saman tantani kawai yake nunawa. Fasahar OCT, wadda aka bayyana a 1991, tana auna hasken da ke dawowa daga kowane sashe na kaurinsa, ta nuna shi kamar an yanka gurasa ana kallon cikinta. Cynthia Toth ta Jami'ar Duke ce ta jagoranci kai irin ta hannu gaban kwalba, aka fara ganin kumburin tsakiyar tantani da fitilar goshi ba ta nunawa. A ɓangaren karatun hoto kuma, a 2018 aka buga sakamakon wata manhajar kwamfuta mai suna i-ROP DL da aka koya wa gane murɗewar jijiyoyi daga dubban hotuna, ta kuma yi daidai da ƙwararrun likitoci ko ta fi yawancinsu a gwajin. Ita ma abin da aka faɗa a kan duhun ido ya shafe ta, tunda abin da aka nuna mata shi ta sani.

Likitocin Nijeriya ba su zauna jiran waɗannan ba. A 2016 Tunji Oluleye da abokan aikinsa suka buga yadda suka yi amfani da wayar hannu wajen duba bakwaini a Legas, Dupe Ademola-Popoola ta Ilori ma ta yi aiki a kan wannan hanya. Ana kunna fitilar wayar a yanayin bidiyo, a riƙe gilashin nan na fitilar goshi a gaban ido, daga baya a tsamo hotuna masu kyau daga bidiyon. Faɗin hoton kaɗan ne, yana kuma son hannu mai natsuwa, amma ya isa a nuna wa uwa da uba abin da ke faruwa. Tsakanin 2017 da 2020 likitocin ido da na jarirai daga asibitoci da dama na ƙasar nan sun haɗa kai don faɗaɗa duba bakwaini da horar da ma'aikata.

Ba bakwaini kaɗai ke amfana ba. Sankarar tantanin gani tana kama yaro ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000, alamarta ta farko kuma farin haske ne a ƙwayar ido, kamar idon kyanwa da dare. Wani bincike a kan yara 4,351 daga ƙasashe 153 da aka buga a 2020 ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki ana gano ta a kusan wata 14, a matalautan ƙasashe kuwa sai wajen wata 30, lokacin da a kusan rabin yaran ta riga ta fita daga ido. Ƙaramar fitilar Arclight mai caji da hasken rana, wadda Jami'ar St Andrews ke yaɗawa, ta isa ta nuna wannan fari a ɗakin rigakafi.

5.0 Zango da Asibiti

Garuruwan nan uku ba su rasa wuraren duba ido ba. Fatakwal tana da asibitin koyarwar da aka ambata. Anacha tana da Cibiyar Ido ta Guinness, wadda ke ƙarƙashin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nnamdi Azikiwe mai hedkwata a Nnewi. Inugu tana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya a Ituku-Ozalla, bayan gari, da na jihar a Parklane. Tambayar ita ce ko jaririn mai sayar da albasa ko mahauci ko ɗan canji zai kasance a gaban kyamara a ranar da ta dace.

Ranar tana da ƙa'ida. Ana fara dubawa ne wajen mako huɗu bayan haihuwa, a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu har jijiyoyi su kai iyaka. A Amurka ana duba wanda bai wuce giram 1,500 ko mako 30 ba. Indiya ta faɗaɗa zuwa giram 2,000 da mako 34, domin inda ba a auna oksijin da kyau, jarirai manya ma suna kamuwa. Wato ke nan da yawa daga cikin masu buƙatar dubawa an riga an sallame su kafin ranar farko ta zo.

A nan ne al'adarmu ke karo da kalandar likita. Mace mai jego, musamman a haihuwar fari, gidan iyayenta take zuwa wanka, ta yi kwana arba'in ko fiye. Ga wadda ke aure a Fatakwal, gida yana iya zama Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, tafiyar yini da kwana a mota. Kwana arba'in kusan mako shida ne, ya haɗiye dubawar farko da ta biyu. Jaririn yana shan nono, yana ƙiba, idonsa fari tas, ba abin da zai sa kaka ta yi zargi. Sai ya kai wata huɗu ko biyar a lura ba ya bin fitila da ido, a lokacin kuwa aikin gama ya gama. Wadda ta zauna ma tana da nata cikas: ba ta fita sai da izinin maigida, shi kuma yana kasuwa, ga kuɗin mota, a baya kuma ga zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Kudu maso Gabas a Agustan 2021, wanda ya sha tsai da zirga-zirga a Anacha da Inugu.

Sa'annan ga harshe. Bayanin sallama da Ingilishi ko Buroka ko Ibo ake yin sa, sau da yawa ga namijin da ya zo biyan kuɗi, ita kuwa mai jego tana gefe, kunyar ɗan fari ta hana ta tambaya. Ko an sami tafinta, me zai ce? Idan ya ce ciwon ido, uwa za ta duba ta ga ba ja ba kwantsa. Hoto yana yin abin da tafinta ya kasa. Uban da aka nuna wa jijiyoyi sun tsaya a rabin hanya, aka ce masa nan ne suka kai yau, nan ake so su kai kafin a sallame ku, ya sami abin da zai faɗa wa surukarsa in ta matsa a taho da mai jego.

Hoton yana kuma iya yin tafiya tare da jaririn. Hana zuwa wanka ba zai yiwu ba, ba kuma lallai ne a hana ba. Kano tana da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ido na ECWA, Kaduna tana da Cibiyar Ido ta Ƙasa, Zariya da Sakkwato suna da asibitocin koyarwa. Abin da ake buƙata shi ne mai jego ta bar Fatakwal da hotunan a wayarta, da takarda cikin Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da makon haihuwa da nauyin jariri da ranar dubawa ta gaba, da sunan asibitin da aka riga aka tabbatar yana da mai duba bakwaini. Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da limaman da ke raɗa suna su ne suka fi kowa sanin gidan da aka haifi bakwaini, domin a rana ta bakwai suna wurin, saura mako uku ke nan a fara dubawa.

Wani abu kuma ya rage wanda kyamara ba ta da hannu a ciki. Ɗakin jarirai da ke ba da oksijin tsantsa daga tulu, ba na'urar gauraya shi da iska, ba ma'aunin da ake maƙala wa jariri a ƙafa don a riƙe iskar jininsa tsakanin kashi 90 da 95 cikin ɗari, zai ci gaba da samar da masu ciwon komai kyan hoton da za a ɗauka daga baya. Kuɗin RetCam guda zai sayi irin waɗannan ma'aunai masu yawan gaske, kuma asibitin da aka ba zaɓi tsakanin biyun ya kamata ya fara da ma'aunin, ya riƙa duba ido da fitilar goshi da wayar hannu kafin kyamara ta samu.